Me Ke Cinye Zakunan Teku A Gaɓar Alaska?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar busasshen kifi daga Yawuri ta jihar Kebbi, ya rubuto yana cewa: "Na ji a labarai ana maganar wata dabba wai ita zakin teku, an ce ta yi ƙaranci a ruwayen arewacin duniya, har hukuma ta hana masunta kama kifi a wasu wurare saboda ita. Don Allah zaki ne na gaske? Me ke kashe shi? Kuma ina hikimar a hana ɗan Adam neman abinci saboda dabba?"

AMSA: To malam, mun gode da wannan tambaya, Allah ya ba da kasuwa. Tambayoyi uku ka jero, za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Wace irin dabba ce?

Da farko dai, zakin teku ba zaki ba ne, kuma ba kifi ba ne. Dabba ce mai shayar da 'ya'yanta nono, tana numfashi da huhu kamar ni da kai, tana farautar kifi a cikin ruwa amma a kan tudu take hutawa, a nan kuma take haihuwa. Ƙafafunta huɗu faffaɗa ne kamar filafilin kwalekwale, da su take iyo, da su kuma take jan jiki a kan duwatsu. An ba ta sunan zaki ne saboda namijin yana da kaurin wuya da gashi mai kama da geza, ga launin ƙasa-ƙasa, ga kuma ruri mai ƙarfi da ake jiyowa daga nesa.

Iri shida ne suke raye a duniya yanzu. Wanda ka ji labarinsa shi ne mafi girma a cikinsu, ana kiransa zakin teku na Steller. Cikakken namiji yakan wuce mita 3 a tsawo, nauyinsa kuma yakan kai kilo 1,000, wato buhu goma na masara ke nan. Macen ba ta kai rabinsa ba, takan tsaya wajen kilo 300. Yakan nutse cikin ruwa har zurfin mita 400 wajen neman abinci.

Shi Steller ɗin sunan mutum ne, Georg Wilhelm Steller, wani Bajamushe masanin halittu. A shekarar 1741 yana cikin jirgin ruwan Vitus Bering, wanda gwamnatin Rasha ta tura ya binciko tekun da ke tsakanin Rasha da Amurka. Jirgin ya farfashe a wani tsibiri, Bering ya mutu a can, shi kuwa Steller ya yi ta rubuta bayanin dabbobin da ya gani. A cikinsu har da wata ƙatuwar 'yar'uwar ayu, ayun nan da ka sani a kogin Kwara, sai dai ita takan kai mita 8. Mafarauta suka far mata saboda nama da kitse. Zuwa 1768, shekara 27 kacal bayan Steller ya ba da labarinta, ba a sake ganin ko ɗaya ba. Riƙe wannan labari, za mu waiwaye shi.

Mazaunin zakin teku na Steller shi ne gaɓar arewacin tekun Fasifik, tun daga arewacin Japan, a bi ta gabashin Rasha, a ratsa jihar Alaska ta Amurka, a gangaro ta Kanada har zuwa Kalifoniya. Amma a da, mafi yawansu suna Alaska ne, musamman a mashigin tekun Alaska da kuma jerin tsibiran Alushiya, waɗanda suka miƙa cikin teku tsawon kilomita kamar 1,900. 'Yan asalin waɗannan tsibirai sun yi dubban shekaru suna rayuwa da wannan dabba. Suna cin namanta, suna lulluɓe kwalekwalensu da fatarta, suna ɗinka rigar ruwa da hanjinta, gashin bakinta kuma suna yi wa hula ado da shi.

Yadda yake hayayyafa

Wannan ɓangare ka natsu ka ji shi, don shi ne mabuɗin sauran bayanin. A watan Mayu manyan maza kan hau tsibiran duwatsu, kowa ya kama fili yana tsaronsa, wani ya yi kusan wata biyu bai ci komai ba. Mata su biyo baya, yawanci a watan Yuni su haihu. Mace ɗa ɗaya take haifa, mai nauyin kilo 20 ko kusa da haka. Takan zauna da shi kwana tara ko makamancin haka, sannan ta fara shiga teku neman abinci, ta dawo ta shayar da shi. Shayarwar kan kai shekara guda, wani lokaci biyu ko uku. Ita kanta macen sai ta shekara huɗu zuwa shida kafin ta yi haihuwar fari.

Ka ga ke nan ba kamar akuya ba ce da za ta haifi tagwaye, 'ya'yan su ma su haihu kafin a je ko'ina. Garken da ke hayayyafa a hankali irin haka, idan ƙananansa suka fara mutuwa, ba a gane ɓarnar nan da nan, domin manya na nan ana ganinsu. Sai tsofaffi sun tafi a duba a ga babu masu maye gurbinsu.

Raguwar ta kai nawa?

Ma'aikatan hukumar kula da kamun kifi ta Amurka su ke ƙidaya su. Sukan bi ta sama da jirgi lokacin haihuwa su ɗauki hotuna, su ƙirga manya da ƙanana. Wasu 'ya'yan ana yi musu lamba a jiki don a riƙa bin rayuwarsu. Har kashinsu ake tattarawa a duba ƙayar kifin da ke ciki a san abin da suke ci.

A ƙiyasin hukumar, a ƙarshen shekarun 1970 akwai zakunan teku tsakanin 220,000 da 265,000 a yammacin Alaska. Zuwa shekarar 2000 ba su kai 50,000 ba. Wato cikin kowane biyar, huɗu sun tafi. Abin ya fi tsanani tsakanin 1985 da 1989, lokacin da suke raguwa da kashi 15 cikin 100 kowace shekara. Lissafa da garken shanu 100: bana su koma 85, baɗi 72, shekara ta uku 61, ta huɗu 52. Cikin shekara huɗu rabin garke ya tafi. Tsibirin Marmot da ke kusa da Kodiak, wanda a da yana cikin manyan wuraren haihuwarsu a duniya, ya wayi gari gaɓarsa kusan fayau.

A 1990 gwamnatin Amurka ta sa dabbar cikin jerin waɗanda ke fuskantar barazana. A 1997 aka raba su gida biyu, bayan bincike ya nuna jinin na yamma da na gabas ya bambanta. Na yamma aka sa su a matakin masu haɗarin ƙarewa. Abin mamaki shi ne na gabas, wato na kudu maso gabashin Alaska da Kanada zuwa Kalifoniya, ƙaruwa suke ta yi: daga wajen 18,000 a 1979 zuwa wajen 70,000 a 2010, har a 2013 aka cire su daga jerin baki ɗaya. Dabba iri ɗaya, teku ɗaya, wani gefe na ƙarewa wani na bunƙasa.

To me ke kashe su?

Ruwa ba ya tsami banza. Masana sun tsaya a kan manyan dalilai huɗu.

Na farko, kisa da hannun mutum. Tsakanin 1963 da 1972 an kashe 'ya'yan zakin teku kimanin 45,000 a Alaska don sayar da fata. Dokar kare dabbobin teku masu shayarwa ta 1972 ce ta tsayar da wannan ciniki. Bayan haka akwai dubbai da suka maƙale a tarun manyan jiragen kamun kifi suka nutse, musamman a mashigin Shelikof a farkon shekarun 1980. Sannan masunta da yawa sun ɗauke su ɓarayin kifi, kamar yadda manomi ke kallon biri a gonar gyaɗa, suna harbe su. Doka ba ta hana wannan harbi ba sai a 1990. Amma ga inda gizo ke saƙar: an hana cinikin fata, an hana harbi, mutuwa a taru ta ragu ƙwarai, duk da haka cikin shekarun 1990 garken ya ci gaba da raguwa da kashi 5 cikin 100 a shekara.

Na biyu, rabon abinci da masunta. A daidai lokacin da zakunan ke raguwa, kamun wani kifi mai suna folok ya bunƙasa a waɗannan ruwaye. Shi folok ɗan'uwan kifin kod ne, wato dangin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigowa da shi kasuwanninmu daga Norway. A gabashin tekun Bering kaɗai, ana kama tan miliyan ɗaya da 'yan kai kusan kowace shekara tun ƙarshen shekarun 1970. Jiragen da ke wannan aiki ba kwalekwale ba ne, wasunsu masana'antu ne sukutum a kan ruwa, suna jan taru, suna feɗe kifi, suna daskarar da shi duk a ciki. Masu wannan ra'ayi suna cewa ko da kifi na da yawa a teku gaba ɗaya, idan jirgi ya kwashe wanda ke kusa da tsibirin haihuwa, uwa mai shayarwa sai ta yi nisa kafin ta ƙoshi, ɗanta na can yana jira da yunwa. Ɗan da aka yaye kuwa bai iya nitso mai zurfi ba tukuna, abin da ke kusa shi ne nasa.

Akwai shaidar yunwa kuwa. Da aka gwada matan da aka auna a shekarun 1980 da na shekarun 1970 masu shekaru ɗaya, sai aka ga na baya sun fi gajarta, sun fi rashin nauyi, kuma masu shayarwa a cikinsu sun fi yawan ɓarin ciki. Lissafi ya kuma nuna cewa mutuwar matasa, 'yan shekara ɗaya zuwa uku, ita ce ta fi jawo faɗuwar garken a wancan lokaci.

Na uku, sauyin da tekun kansa ya yi. A tsakanin 1976 da 1977 ruwan arewacin Fasifik ya ɗan ƙara ɗumi, ya kuma zauna a haka shekaru da yawa. Ƙananan kifaye masu maiƙo suka ja baya a wurare da dama, folok da kod suka yawaita. To a nan ne wasu masana suka ce matsalar ba ƙarancin kifi ba ce, rashin maiƙonsa ne. Kai da ke ƙasar kiwo ka san bambancin ragon da aka ba harawa da dusa, da wanda aka cika wa ciki da busasshen kara. Duka biyu sun ƙoshi, amma ɗaya ne zai yi ƙiba. A Kanada, masu bincike biyu, David Rosen da Andrew Trites na Jami'ar British Columbia, sun gwada wannan, suka buga sakamakon a shekarar 2000. Sun ɗauki matasan zakunan teku shida da suka saba cin herin, wani kifi mai maiƙo ɗan'uwan sadin, suka koma ba su folok zalla na 'yan makonni. Dabbobin suna ci iya cinsu, amma suka rame. Babban zaki yana iya cike giɓin da yawan ci, ƙarami kuwa cikinsa kan cika tun bai sami ƙarfin da jikinsa ke bukata ba, ga ruwan sanyi ƙarara da ke zuƙe kitse.

Ka lura, malam, dalili na biyu da na uku karo suke yi da juna. Ɗaya na cewa masunta sun kwashe folok, ɗaya na cewa folok ɗin ne ya yi yawa. Shi ya sa gardama ta yi zafi, domin kowane ɓangare na da abin da zai riƙe.

Na huɗu, maharba na cikin ruwa. Akwai wata dabbar teku mai launin baƙi da fari da ake kira oka, mai tsawon da kan kai mita 8, tana farauta ƙungiya-ƙungiya kamar kyarkeci. A 1992 an tsinci gawar ɗaya a gaɓar Alaska, da aka farka cikinta sai ga lambobin zakunan teku 14, irin waɗanda masu bincike ke maƙala wa 'ya'ya. A 2003 wasu masana ƙarƙashin Alan Springer suka kawo bayani cewa bayan yaƙin duniya na biyu jiragen farauta sun karkashe manyan dabbobin wel, waɗanda suke ganin oka na dogaro da su, sai ta juya kan ƙananan dabbobi, har ta kai ga zakin teku. Wasu masanan sun musanta wannan bayani, suna cewa ai a gabas ma akwai oka, amma zakunan can ƙaruwa suke yi. Abin da aka fi yarda da shi shi ne: kura ta ɗauki tunkiya goma a garken dubu ba a ji ba, amma ta ɗauki goma a garken hamsin, an shiga uku.

Akwai ƙananan dalilai kuma. Robar ɗaure kaya da ake zubarwa a teku takan shiga wuyan dabbar, tana girma robar na yanka ta. An kuma sami gubar zaiba da yawa a jikin 'ya'yan da ake haifa a can ƙarshen yammacin tsibiran Alushiya.

A 2003 majalisar bincike ta ƙasar Amurka ta fitar da rahoto bayan ta duba dukkan shaidu. Ba ta ɗora laifin a kan abu ɗaya ba. Ta nuna cewa akwai alamun yunwa a shekarun 1980, amma daga shekarun 1990 zuwa gaba shaidu sun fi karkata ga abubuwan da ke kashe dabbar kai tsaye, irin su oka da harbin ɓoye da taru. Wato abin da ya kayar da garken daban, abin da ya hana shi tashi daban. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Su kuwa na gabas, bincike ya nuna abincinsu ya fi zama gauraye, kifaye iri-iri. An kuma lura cewa a ko'ina cikin Alaska, inda abincin zakunan ya fi zama iri ɗaya, nan raguwar ta fi muni. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manomin da ke haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya.

Maganar hana masunta

Ba a hana kamun kifi gaba ɗaya ba. Abin da aka yi shi ne shata iyaka. A 1990 an hana jirage kusantar manyan tsibiran haihuwa da tazarar kilomita biyar da rabi. Daga baya aka hana jan taru cikin kilomita 18 daga waɗannan tsibirai. A 1993 aka ayyana kewayen kilomita 37 a matsayin muhimmin wurin kiwon dabbar. An kuma rarraba lokacin kamu cikin shekara, don kada a kwashe kifin wuri ɗaya a lokaci ɗaya. 'Yan asalin ƙasar kuwa doka ta bar musu farautar abin da za su ci.

Ƙungiyoyin kare muhalli, ciki har da Greenpeace, suka ga matakan ba su isa ba, suka kai ƙara a 1998. A watan Yulin 2000 wani alƙali a birnin Seattle, Thomas Zilly, ya hana jan taru a dukkan wannan muhimmin wurin kiwo. Masunta suka yi kuka, musamman masu ƙananan jirage na garuruwa irin Kodiak, waɗanda ba sa iya fita can tsakiyar teku lokacin hunturu. Bayan 'yan watanni aka ɗage hanin, aka shiga tsara sababbin ƙa'idoji, majalisar dokokin Amurka kuma, bisa matsin Sanata Ted Stevens na Alaska, ta zuba fiye da dala miliyan 100 a bincike. A 2011 an sake tsaurara doka a yammacin tsibiran Alushiya, a 2015 aka sassauta.

Ina aka kwana yanzu?

Daga farkon shekarun 2000 raguwar ta tsaya, garken yamma ya fara ɗagowa a hankali. Amma ɗagowar ba ta game ko'ina ba. A ɓangaren da ke kusa da babban yankin Alaska ana samun ƙari, a can ƙarshen yammacin tsibiran kuwa har yanzu raguwa ake yi. Sannan tsakanin 2014 da 2016 ruwan mashigin tekun Alaska ya yi wani irin ɗumi da ba a saba gani ba. Kifin kod ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku, yawan 'ya'yan zakin teku da ake haifa a yankin ya faɗi, a 2020 kuma hukuma ta rufe kamun kod a ruwan tarayya na wannan mashigi. Garken yamma na Alaska yana wajen 50,000 ne, kuma yana nan cikin jerin masu haɗarin ƙarewa.

Ga amsar tambayarka ta uku ke nan. A 2020 ba don zakin teku aka rufe kamun kod ba, kifin ne babu. Ɗumin da ya rage 'ya'yan zaki shi ne ya ajiye jiragen masunta a tasha. Zakin teku da masunci daga akushi ɗaya suke ci, sai dai ita dabbar kullum tana cikin ruwan, don haka ita ke fara nuna alama a jikinta idan abu ya lalace. Hukumar da ke ƙirga 'ya'yanta kowace shekara, lafiyar tekun take aunawa.

Kuma ka tuna 'yar'uwar ayun nan ta Steller: shekara 27 ta isa a gama da ita, babu kuɗin da zai dawo da ita. Shi zakin teku an farga kafin a kai haka. Duk da haka, abin da ya zube cikin shekara 20, yau an fi shekara 30 ana kare shi bai koma ko rabin yadda yake ba, saboda uwa ɗa ɗaya take haifa a shekara. Wannan ne ya sa hukuma ta zaɓi ta taƙaita wa masunta wasu wurare tun ana gardamar dalili, maimakon a jira a gama gardama a tarar babu abin da za a kare.